Preferment: ƙarin girman da ake yi wa mutum daga sama

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga birnin York nake magana, a arewacin Ingila, kuma wannan katafaren gini da kuke gani a bayana shi ne York Minster, ɗaya daga cikin manyan coci-cocin ƙasar nan. Da gangan na zaɓi tsayawa a nan, domin kalmar da za mu tattauna a kanta a irin waɗannan gine-gine ta fi zama. Kalmar ita ce preferment. Wajen furta ta, a tsakiya ake danna murya: pri-FA-ment.

Idan ka buɗe ƙamus, zai ce maka ƙarin girma ne a wurin aiki ko samun babban muƙami. Gaskiya ne, amma bai gama faɗa ba. Tushenta shi ne prefer, wato fifita, wadda ita ma ta samo asali daga Latin, inda take nufin gabatar da wani abu a gaban saura. To, wa ke fifitawa? Wani ne da ke sama. Akwai mai iko, akwai mutane da yawa a gabansa, sai ya nuna ɗaya ya ce kai ne. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne naɗin sarauta: ba takarda kake cikewa ka zama Galadima ba, Sarki ne ke dubawa ya naɗa.

Ku dubi yadda abin yake a ƙasar nan shekaru ɗari biyu da suka wuce. A gidan mai ƙasa, babban ɗa shi ke gadon gona da gida. Ƙannensa kuwa sai a nema musu abin yi, wani soja, wani coci. A coci, mai ƙasa a ƙauye sau da yawa shi ke da haƙƙin gabatar da limamin da zai riƙe cocin ƙauyen, tare da gidan zama da kuɗin shigar da ke biye da muƙamin, kuma wannan haƙƙi dukiya ce, ana gadonsa, ana sayar da shi. Saurayin da ya gama jami'ar Oxford ko Cambridge, komai iliminsa, sai ya sami uban gida kafin ya sami wuri. Wannan samun wuri, da hawa daga nan zuwa manyan muƙamai har bishop, wato babban limamin coci mai kula da yanki guda, shi suke kira preferment. A soja ma kuɗi ake biya a sayi muƙamin hafsa, har sai da aka soke sayen a 1871.

Aikin gwamnati ma haka yake tafiya, da sanayya, kafin rahoton da wasu Turawa biyu, Northcote da Trevelyan, suka rubuta wa gwamnati na 1854 ya ce a riƙa ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, a kuma riƙa ƙara musu girma bisa cancanta. Sai a 1870 aka buɗe gasar jarrabawar ga kowa a yawancin ma'aikatu. Shi ya sa har yau kalmar take ɗauke da ƙanshin wancan zamani. Idan ɗan jarida a Landan ya rubuta cewa wani ɗan majalisa yana neman preferment, mai karatu ya gane: yana lallaɓa Firaminista ne ko zai samu kujerar minista, kuma watakila shi ya sa ya yi shiru a kan abin da ya kamata ya yi magana.

A coci kuwa kalmar tana nan da ranta, ba tare da wani zargi ba. Har yanzu da sunan Sarki ake naɗa bishop-bishop na Cocin Ingila, bayan wani kwamiti ya zaɓi suna ya miƙa ta hannun Firaminista, kuma 26 daga cikinsu suna da kujeru a Majalisar Dattawa. Wani abu da ya burge ni a matsayina na ma'aikacin jinya: Sarah Mullally, wadda aka sanar a watan Oktoban 2025 cewa ita ce za ta zama Akbishop ta Canterbury, wato shugabar limaman Cocin Ingila, mace ta farko a wannan kujera, nas ce tun asali. Ta riƙe muƙamin babbar jami'ar jinya ta Ingila daga 1999, kafin ta koma aikin coci gaba ɗaya.

Yanzu ga amfani. Ɗan'uwa, idan za ka rubuta wa manajanka takarda, kada ka sa wannan kalma. Zai fahimce ka, amma zai ji kamar kana roƙon alfarma da harshen kakanninsa. Kalmar yau da kullum ita ce promotion. A takardun asibiti da na jami'a za ka fi ganin progression, wato ci gaba mataki-mataki. Ita preferment ka san ta domin karatu, domin jarida da littattafan tarihi da jarrabawar Turanci.

Amma abin da ya sa na ɗauki kyamara yau ya wuce nahawu, kuma yana ci mini rai. Da yawa daga cikinmu mun zo ƙasar nan da tunanin cewa ƙarin girma abu ne da ke zuwa ya same ka. A aikin gwamnati a Najeriya mun saba da matakan albashi daga 01 zuwa 17: ka cika shekarunka a mataki, a cike maka fom ɗin tantancewa na shekara, ka zauna jarrabawa, sai ka jira sunanka ya fito. Ga kuma tarbiyyarmu ta kunya da kawaici, wadda ta hana mutum yabon kansa. Sai mu zo nan mu duƙufa, mu karɓi aikin dare, mu rufe gurbin wanda bai zo ba, muna sa ran wata rana shugaba zai kira mu ofis ya ce an ga ƙoƙarinmu.

A hukumar lafiya ta NHS ba haka tsarin yake ba. Tun 2004 aka raba yawancin ma'aikata zuwa matakan albashi da suke kira band, har zuwa na 9. Sabon nas yana farawa a Band 5. Albashi zai ɗan motsa a cikin matakin da shekaru, amma tsallakawa zuwa Band 6, a mafi yawan lokuta, sai an tallata gurbi, ka nema da kanka, a tantance takardunka, a kira ka intabiyu, a ba kowace amsa maki. Na ga mata da maza da suka yi shekara goma suna riƙe da ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata a Kano da Zariya, ƙwararru na gaske, suna zaune a Band 5 shekara da shekaru, suna koya wa sababbin zuwa aiki, sababbin kuma su wuce su. Da na tambayi wata Yaya a cikinsu ko ta taɓa nema, sai ta ce, "Ƙanena, ai suna ganin aikina, in sun ga na isa za su faɗa." Wallahi maganar ta tsaya mini a zuciya.

Ba ina cewa babu son kai a nan ba. Akwai. Ita kanta NHS tun 2015 take tattara alƙaluma kan bambancin launin fata a tsakanin ma'aikatanta, kuma rahotannin sun sha nuna cewa fararen fata sun fi samun aiki bayan tantancewa. Sai dai wanda bai nema ba, ko cikin wannan lissafi bai shiga ba.

Don haka idan gurbi ya fito, sauko da takardar sharuɗɗansa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ajiye masa misali daga aikinka: ranar da majinyaci ya rikice, me ka gani, me ka yi, me ya biyo baya. A wurin intabiyu ka ce "na yi", domin idan ka ce "mun yi" ba su san naka kason ba, ba kuma za su ba ka makinsa ba. A zaman tantancewa na shekara da manajanka, buɗe baki ka ce kana son Band 6, ka tambayi wane kwas ya rage maka. Idan ba ka samu ba, nemi su gaya maka inda makinka ya gaza, suna bayarwa. A bidiyo na gaba zan zauna da ku mu cike fom ɗin neman irin wannan gurbi tare, layi bayan layi. Sai mun haɗu, a gaida gida.