Sharhi: Yadda uwar kuɗi ke narkewa a shagunan Zariya

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau zai leƙa ƙananan 'yan kasuwa ne a nan Zariya, tun daga mai tireda a Tudun Wada, da tela a cikin Birni, har zuwa mai injin kwafin takardu a Samaru.

Duk wanda ka tambaya ya kasuwa, zai ce alhamdu lillahi, sai dai matsalar man fetur da wutar lantarki. Kuma da gaskiyarsa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin motar ɗauko kaya daga Kantin Kwari ko kasuwar Singa a Kano ya tashi. Mai walda da mai niƙa kuwa, ranar da aka ɗauke wuta janareta ne ke cinye ribarsu. 'Yan Samaru da Kongo suna da ƙarin nasu ciwon, domin cinikinsu a hannun ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello yake. Har yanzu ba su manta da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ba, wanda ya kai wata 8.

To amma duk waɗannan ba a hannun mai shago suke ba. Abin da ke hannunsa, wanda kuma a ganinmu ya fi karya jari, shi ne lissafi.

Bari mu ɗauki misali. Mai tireda ya saro buhun sukari a kasuwar Sabon Gari kan dubu 70. Ya ƙulla shi a leda, ya auna wani da gwangwani, ya sayar, ya tara dubu 75. A ransa ya ci ribar dubu 5, har ya cire ya yi cefane. Da ya koma sari, dila ya ce buhu ya koma dubu 78. Ka ga ke nan ba riba ya ci ba, uwar kuɗi ya ci, kuma bai sani ba. A lokacin da farashi ke tashi, kuɗin da za ka sake saro kaya shi ne ma'auni, ba wanda ka biya a baya ba. Manyan diloli sun san wannan, shi ya sa kullum suna kan waya suna jin yadda kasuwar Kano ta kwana. Ƙaramin ɗan kasuwa ne ke jin nauyin ya ƙara wa maƙwabcinsa naira 50.

Sai bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu mai shagon unguwa da zai rayu ba ya bayarwa. Amma ku buɗe littafin nan da ke ƙarƙashin kanta, wanda bangonsa ya sha maiƙo. Za ku ga ma'aikacin da ke jiran albashi, da maigidan da ya aiko yaro a ba shi taliya da magi, da abokin da ya ce gobe tun kafin azumi. Wanda ya biya bayan wata 3, ko bai rage sisi ba, kuɗin nan ba za su sayi kayan da ya ɗauka ba. Ita kuwa kunya ta hana a tambaya, don a masallaci ɗaya ake sallah.

Akwai kuma aljihun tebur da ya zama asusun gida. Suna, biki, kuɗin makaranta, gaisuwar mara lafiya, duk daga nan ake zara ba tare da an rubuta ba. Ba mu ce a daina zumunci ba. Mai shago ya yanka wa kansa albashi, ko na sati ne, ya riƙa yin hidimarsa a ciki. Shi ma bashi a yi masa iyaka: wanda ya kai adadi kaza, sai ya rage kafin a ƙara masa. Wasu kwastomomi na iya fushi, amma akasari suna dawowa.

Game da tiransifa, wadda ta zauna daram tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, kada a saki kaya don an nuna maka fuskar waya. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun shiga, sannan yaro ya ɗaure kaya.