Fodkas: Mai bin bashi, ba lauya, kuma an kori ƙararsa

Hadiza: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Yau muna Amurka, a kotunan karayar arziki. A ɗauka wani mutum yana bin wani kamfani kuɗi, kamfanin ya karye, alƙali ya ce bashin nasa bai tabbata ba. Mutumin ya ɗaukaka ƙara da kansa, ba lauya, sai kotun sama ta kori ƙarar tun ba ta duba ko yana da gaskiya ba. Dalili? Wata takarda ta makara.

Nura: Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Malam Bello, wannan ba zalunci ba ne?

Malam Bello: Sannu a hankali, Nura. Tambayar farko ita ce, wace takarda ce ta makara? Don ba duka suke da nauyi ɗaya ba. Sanarwar ɗaukaka ƙarar kanta, kwana 14 aka ba ta daga ranar da aka shigar da hukunci a rajistar kotu. Ba daga ranar da wasiƙa ta iso hannunka ba. Kafin ƙarshen 2009 ma kwana 10 ne.

Hadiza: To in ambulan ta yi mako guda a hanya?

Malam Bello: Rabin lokacinki ya tafi kina zaune. Akwai ƴar ƙofa, ana iya neman ƙarin lokaci cikin kwana 21 bayan wa'adin, in an nuna uzuri karɓaɓɓe. In wannan ma ya wuce, yawancin kotuna cewa suke yi ba su da hurumin sauraro sam.

Nura: Ko da kuskuren ba naka ba ne?

Malam Bello: Akwai shari'ar Bowles ta 2007. Ba ta bashi ba ce, amma tana nuna tsananin. Alƙali da kansa ya ba mutum kwana 17 maimakon 14 da doka ta yarda. Ya shigar cikin lokacin da alƙalin ya faɗa, Kotun Ƙoli ta ce ya makara, alƙalai 5 suka rinjayi 4.

Nura: Kai! Ni dai wannan hukunci bai taɓa kwanta mini ba.

Malam Bello: Ni ma haka. Amma mutumin Hadiza, ina jin ya tsallake wannan siratsin. Inda marasa lauya suka fi faɗuwa shi ne abin da ke biyo baya. Cikin wasu kwana 14 sai ka jera takardun da kake so kotun sama ta duba, da batutuwan da kake ƙorafi a kai. In kana dogaro da abin da aka faɗa a zaman kotu, sai ka nemi rubutaccen bayanin zaman, ka biya. Sannan kwana 30 na rubuta hujjojinka bayan an sanar da isar fayil ɗin shari'ar kotun sama.

Hadiza: Shi kuwa yana gida yana jiran a kira shi ya yi bayani da baki.

Malam Bello: Haka ake yi. Sai dai a nan dokar ta fi sauƙi. Ƙa'ida ta 8003 ta dokokin shari'ar karayar arziki ta ce saɓa waɗannan matakan bai ɓata ƙarar ba, alƙali ne zai zaɓi abin da ya dace, har da kora. Tunda zaɓi ne, ana iya ƙalubalantarsa. An gargaɗe shi tukuna? An duba wani horo mai sauƙi? Makarar ta cutar da ɗaya ɓangaren?

Nura: Ni na ɗauka ana yi wa marar lauya rangwame.

Malam Bello: A karatun takardarsa, e. Tun shari'ar Haines a 1972 ake sassauta masa in ya rubuta abu a karkace. Amma kalanda ɗaya ce da ta lauya. Kuma ka lura, mutum ne kawai yake tsaya wa kansa. In kamfaninka ne mai bin bashin, dole lauya.

Hadiza: To ga takardar kora a hannunsa. Me zai yi gobe da safe?

Malam Bello: Ya dubi kwanan watan da ke jiki, don wani agogon ya fara. Kwana 14 na roƙon kotun ta sake dubawa, ko kwana 30 na zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, wadda ke sama da ita. Kuma kada ya cika shafi goma da labarin yadda aka cuce shi. Abin da ke gaban alƙali yanzu shi ne me ya sa ya makara. Shari'ar Pioneer ta 1993 ita ce madogararsa, kuma masu bin bashi ne suka ci ta. Sun makara da kwana 20 wajen shigar da bashinsu, saboda an cusa ranar wa'adin a cikin sanarwar wani taro, ba a fito da ita fili ba. Kotu ta ce a duba tsawon makarar, da dalilinta, da cutarwarta, da ko mutum ya yi da zuciya ɗaya.

Nura: In ya ce bai san dokar ba fa?

Malam Bello: Wannan kaɗai da wuya ya fisshe shi. Takardar asibiti, ko ambulan mai tambarin gidan waya da ke nuna an aika tsohon adireshi, sun fi. Kuma ya liƙa takardar da ta makara a jikin roƙon, a gama da ita.

Hadiza: Nura, na ga kana rubuta lambobi a tafin hannu.

Nura: 14, 14, 30, sai wata 14. Malam, ranar Asabar da Lahadi suna cikin lissafi?

Malam Bello: Suna ciki. Sai in ranar ƙarshe ce ta faɗo a kansu, ka samu zuwa Litinin.