Filaye nawa, gidaje nawa? Yadda ake karanta lissafin gidaje na shekara a Damagaram

Duk ƙarshen shekara, in aka zo bayanin abin da aka yi a fannin gidaje, adadin filayen da aka yanka shi ne ke fara shiga kunne. Jama'a, kafin ku tafa, mu bi wannan adadi har inda ya tsaya.

Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 300 a birnin Damagaram, cikin gundumominsa biyar. Tun daga lokacin gari sai miƙewa yake yi, nesa da tsofaffin unguwannin Birni da Zango. To, a ce misali an yanka parsel 1,000 a bana. Masu awo sun kafa duwatsun iyaka, ma'aikatar magajin gari ta ba da takardar mallaka. A takarda, aiki ya kammala. A ƙasa kuwa, abin da za ka tarar shi ne duwatsu huɗu da tumfafiya a tsakiya. Wasu masu filin ma ba gini ne a ransu ba, ajiya suka yi har kuɗinsa ya tashi.

Tambaya ta gaba: cikin dubun nan, nawa ne hanya da magudanar ruwa da turakun wutar lantarki na NIGELEC da bututun pampo suka isa gare su? Nan ne Damagaram ta bambanta da sauran garuruwa. Gari ne da ke zaune kan dutse, rijiya ba ta cika ba da ruwa ba, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Unguwar da bututu bai kai ba, mai gini sai ya sayi ruwa bido-bido a kan amalanke, kuma a bazara farashin ba ya da daɗin ji.

Ku dubi irin bulon da ake gini da shi a unguwar da ba ruwa. In an taɓa gefensa da yatsa, sai ya zube kamar garin kwaki. Dalili biyu ne. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma in ana son bulo mai ƙwari, kamar guda 30 ya kamata a fitar daga buhu ɗaya. Mai buga bulo ya ja shi ya kai 45 ko fiye, don rairayi ya fi siminti araha. Sannan bulo yana son a shayar da shi safe da yamma har mako guda, kankare kuma sai ya kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Inda ruwa na saye ne, kwana biyu ake yi a ce ya isa. Kowane murabba'in mita na bango yana cin bulo 12 zuwa 13, don haka ku lissafa yawan raunin da aka jera a ɗaki ɗaya.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Akwai kamfanin gina gidaje na SONUCI, akwai Bankin Gidaje na Nijar, amma bashin banki yana neman albashin wata-wata da takardun fili tsaf. Ɗan kasuwar Dole ko ɗan kabu-kabu da adashi yake gini: bana tushe, baɗi bango ya kai linta, kwano sai yadda hali ya yi. Irin wannan gida, a wace shekara za a ƙidaya shi? Mu a ganinmu, ranar da aka shimfiɗa tabarma aka kwana a ciki.

Sai abin da ake yawan mantawa, wato ragi. Daminar 2024 ta rushe gidajen laka da dama, har tsohon masallacin Birni na ƙarni na 19 ya faɗi a watan Satumba. Laka ba ita ce mai laifi ba, gidan Sarkin Damagaram ma da ita aka gina shi. Abin da ke kayar da bango shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa, da indararo da ya toshe, da yaɓen da aka daina sabuntawa kafin damina. Wani kuma ya shafe laka da siminti don ado, danshi ya maƙale a ciki, wata rana fatar ta ɓalle gaba ɗaya. In an gina gida 200 a shekara, 150 suka faɗi, ƙarin da gari ya samu 50 ne.

Duk wanda yake so ya gwada adadin da aka karanta masa, ya nemi yawan sababbin kontocin ruwa da na wuta da aka ɗaura a unguwar cikin shekarar. Sannan ya je da kansa a watan Afrilu, bayan magariba, ya ƙidaya ƙofofin da fitila ke ci, ya kuma murɗa pampon gida ɗaya ya ga ko zai ɗiga.