Amsoshin Tambayoyinku: Tsattsauran Ra'ayi a Gidajen Gyaran Hali

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ɗauko yau, dukkansu kan abin da ke faruwa a bayan katangar gidan yari.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Potiskum. Ta ce ɗanta mai shekara 22 ya yi wata 14 a tsare bisa zargin satar waya, har yau ba a yanke masa hukunci ba. Da ta je ziyara kwanan nan ya ƙi karɓar tuwon da ta kai masa, wai "'yan'uwa" suna ciyar da shi, ya kuma ce mata limamin unguwarsu ba a bin sa salla. Tambayarta: a kurkuku ake koyon irin wannan?

Hajiya, Allah ya kawo miki mafita. Ana koya, kuma ba a nan kaɗai ba. Abubakar al-Bagadadi, wanda ya zama shugaban ƙungiyar IS, ya yi zaman tsare a sansanin Bukka na sojojin Amurka a Iraƙi a 2004, kuma manyan ƙungiyar da dama ta nan suka ratsa. A gida kuwa, mun ga yadda masu tayar da ƙayar baya suka fasa gidan yarin Bauchi a watan Satumban 2010, fursunoni sama da 700 suka fice, suka kuma fasa na Kuje ranar 5 ga Yulin 2022, sama da 800 suka tsere. Waɗannan ƙungiyoyi ba sa mantawa da mutanensu na ciki, kuma na cikin ba barci suke yi ba.

Amma ki sani, ba da wa'azi abin ke farawa ba. Yaro sabon shiga, an jefa shi ɗaki cunkushe, ba tabarma, ba sabulu, ga ƙazuwa, ga manyan ɗaki masu cin zali. Sai wani mai sanyin murya ya matsa masa wurin kwana, ya jiƙa garin kwaki da ƙuli su sha tare, ya hana a taɓa shi. Sati biyu, uku, ko kalma ɗaya ta aƙida ba zai ji ba. Ran da aka sake ɗage shari'arsa ya dawo yana hawaye, ran nan ake raɗa masa: "Ka ga dokar kafirci ko? Wa ya tuna da kai in ban da mu?" Maganar ta sami wurin zama. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Tun 2019 doka ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, amma yaron da aka manta da takardarsa, wane hali za a gyara masa?

Don haka, Hajiya, kada ki daina zuwa ko da ya ɗaure miki fuska. Kada ki yi masa baki, kada ki tsaya musun aya da shi a wurin ziyara. Ki nemi jami'in kula da jin daɗin fursunoni, ki faɗa masa abin da kika gani, ki roƙi a sauya masa ɗaki, limamin gidan kuma ya riƙa zama da shi. Sannan ki je ofishin hukumar ba da agajin lauya kyauta na jiharku a tayar da shari'ar.

Wasiƙa ta biyu daga wani malami ce a Bama, wanda 'yan Boko Haram suka kashe masa wa. Ya ce yana jin ana koya wa tubabbu ɗinki da walda, shi kuwa marayu ya riƙe. Wai tuban nan gaskiya ne?

Malam, Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Gaskiyarka, ba daidai ba ne a kula da wanda ya yi ɓarna a bar wanda aka yi wa, kuma ba mai ikon tilasta maka yafiya. Sai dai shirin iri biyu ne. Akwai Operation Safe Corridor da aka fara a 2016, mai sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, don waɗanda suka miƙa wuya aka ga haɗarinsu bai kai ba. Akwai kuma na cikin kurkuku, wanda aka fara a Kuje ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, lokacin da Dokta Fatima Akilu ke jagorantar sashen yaƙi da tsattsauran ra'ayi na ofishin. A can ana haɗa malaman addini da masana halayyar ɗan Adam da masu koyar da sana'a. Hukunci kuwa aikin kotu ne, kamar shari'o'in da aka fara a Kainji a 2017.

Akwai masu tuban muzuru, ba shakka. Amma warkewa daga wannan cuta abu ne da ya taɓa faruwa. Abdullahi ɗan Abbas ya je har Harura ya zauna da Hawarijawa, masu tsattsauran ra'ayi na zamanin Sayyidina Ali, ya saurari hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya ya warware, dubbai suka dawo. Ilimi ya kai musu da haƙuri. Ni a ganina, ba rantsuwar ranar yaye ake dubawa ba. A duba bayan shekara: yana bin liman salla a masallacin gari? Ya bar 'yarsa ta je makaranta? Ya yanke hulɗa da tsofaffin abokai? In kuma ya fito ba wanda zai sayi ɗinkinsa, daji na nan yana kiransa.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani mai sauraro a Diffa, yana tambaya ko Nijar na da irin wannan cibiya. Akwai, ɗan'uwa, kusa da kai ma: a Gudumariya, cikin jiharku. An buɗe ta bayan gwamnati ta yi kiran miƙa wuya a watan Disamban 2016. Waɗanda ake tuhuma da ta'addanci kuma, da yawansu a gidan kason Kutukale ake tsare su, kusa da Yamai.

Lokaci ya cim mana. Hajiya ta Potiskum, ki rubuto mana bayan ziyararki ta gaba, muna so mu ji yadda yaron yake. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.