Amsoshin tambayoyinku: ɗaukar hoton ma'aikatan reluwe

Mai gabatarwa: Jama'a, assalamu alaikum. Tambayoyin wannan mako sun taru ne a kan ɗaukar hoton mutanen da ke aikin jirgin ƙasa. Muna tare da wata malama da sana'arta ke nan, ɗaukar hoto, da kuma wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin layin dogo. Ta farko daga wani matashi ce a Zariya. Ya ce ya je tasha da kyamara, masu tsaro suka kore shi. Ina laifinsa? Baba, bismilla.

Baba: To, ɗana, tasha ba kasuwa ba ce. Filin, da layin, da wurin gyara duk na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955. Sannan tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, duk baƙon da aka gani yana ɗaukar hoton layi sai an tuhume shi, kuma masu tsaron suna da hujja. Ka rubuta takarda zuwa ofishin hukumar na shiyyarku. Ka faɗi sunanka, da tashar da kake nufi, da ranar, da abin da za ka yi da hotunan, ka haɗa da kwafin katin shaidarka. In an amince, ka riƙe takardar a aljihu. Ranar da ka je, ka fara gaida shugaban tasha, sannan shugaban masu tsaro, sannan heluman leburori, kafin ka buɗe jaka. Izinin ofis kuwa ba ya maye gurbin yardar mutum. Kowa ka tambaye shi da kansa, wanda ya ce a'a ka bar shi. Jami'an tsaro da wuraren da suke tsayawa, kada ka ko nuna su da kyamara.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Kano ta ce duk hotunan jirgin da take gani kan jirgi ne da taragwai. Wa ya kamata a ɗauka, kuma yaushe?

Baba: Ai direba kaɗai mutane suka sani. Akwai mai bin layi a ƙafa da guduma da safana, yana duba kusoshin da suka haɗa ƙarfe da ƙarfe a tsohon layi, yana ɗaure wanda ya saki. Akwai leburori masu cusa tsakuwa ƙarƙashin layi, su ɗaga ƙarfe tare da murya ɗaya. Akwai mai haɗa tarago da tarago, aikin da ya fi kowanne cin yatsu. Ga mai karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan, ga mai tsaron mahaɗar titi da dogo da tutocinsa, ja da kore, ga makanikai da 'yan walda. Aikin layi da sassafe ake yinsa, kafin ƙarfe ya ɗauki zafi, don haka wanda ya zo da azahar zai tarar da su a inuwa.

Malama: Kuma inuwar ma hoto ce, Baba. Lokacin da suka zauna cin abinci, ko suka jera sahu a gefen layi. Sai dai 'yar'uwa, ki ba su kamar rabin awa kina zaune kuna hira, kyamara a rataye. Mutum in ya ga kyamara sai ya miƙe ya ƙame kamar za a yi masa fasfo. Idan suka saba da ke suka koma bakin aiki, sai ki fara. Ki ɗauki uku a kan kowane mutum: ɗaya daga nesa da ke nuna wurin, ɗaya daga ƙugu zuwa sama yana cikin aiki, ɗaya na hannuwansa kawai da kayan aikin. Ki rubuta sunansa, da aikinsa, da tashar, da ranar. Hoton da ba suna ba shekara ba ya amfanar mai binciken tarihi. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya wuce kwana 40, ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayansa, amma sunan jagoransu Michael Imoudu aka fi riƙewa, dubban da suka ajiye aiki tare da shi ba a san fuskokinsu ba.

Mai gabatarwa: Daga Kafanchan, wani ya ce fuskokin ma'aikata baƙi ƙirin suke fitowa, rigarsu mai ƙyalli kuma ta yi fari fat.

Malama: Kyamara ce ake yaudara. Tana auna hasken wurin gaba ɗaya, ta ga farin sama da rigar ƙyalli da tsakuwa, sai ta rage haske, fuska ta nutse. In waya ce, ka taɓa fuskar a allo, ka ja alamar rana sama kaɗan. In babbar kyamara ce, ka ƙara haske da +0.7 zuwa +1, ka ɗauka a RAW, wato tsarin ajiye hoto ɗanye ba tare da kyamara ta sarrafa shi ba, don ka iya gyarawa daga baya. Hular kwano kuma tana jefa inuwa a ido in rana na tsaka. Ka ɗauka tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, ko bayan la'asar, ko ka durƙusa ka ɗauka daga ƙasa. Hazon hunturu yana tausasa haske, fuska ta yi kyau, amma kada ka sauya idon kyamara a fili, ƙura za ta shiga ta bar ɗige-ɗige a kowane hoto.

Saurin ƙyaftawar kyamara: mutum a tsaye 1/125 na daƙiƙa ya isa, mai buga guduma ko jirgi mai tafiya 1/500 zuwa sama. Cikin wurin gyara akwai duhu, sai ka buɗe ƙofar shigar haske zuwa f/2.8, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200. Idan fitilun wurin suna sa layi-layi a hoton, ka koma 1/50 ko 1/100, saboda wutarmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa. Walda kuwa ta allo za ka kalle ta, ba ta 'yar ƙofar ido ba.

Baba: Filasha kuma a bar ta a gida. Ka haska direba da dare, ka ɗauke masa gani na ɗan lokaci yana jan ɗaruruwan rayuka.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Minna ya ce yana son ya tsaya tsakiyar layi ya ɗauki jirgi yana tahowa, zai kauce in ya matso.

Baba: Kul! Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma ko direba ya taka birki sai ya yi ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Tsakuwa tana zamewa. Wanda ya zuƙo da kyamara kuma ba ya gane ainihin tazarar da ke tsakaninsu. Kada faɗin layi ya ruɗe ka: tsohon layi milimita 1,067 ne, sabon na Abuja zuwa Kaduna 1,435, amma jikin tarago ya zarce ƙarfen sosai ta kowane gefe. Ka tsaya aƙalla mita 3 daga layi. Kada ka taka kan ƙarfe, ka tsallake shi. Kada ka sa ƙafa a wurin sauya layi, yana iya motsawa ya datse ta. Tarago a tsaye ma kada ka bi ta ƙarƙashinsa ko tsakanin biyu, ana iya turo su ba ka ji ba. Kada ka sa jan kaya, ja a wurinmu tsaya yake nufi. Kuma ku je ku biyu, ɗaya na hoto, ɗaya na kallon layi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Maraɗi, inda ake gina layin da zai taso daga Kano. Mai tambayar ya ce ko ya dace ya sa hotunan a Facebook, kuma ko sai ya biya waɗanda ya ɗauka?

Malama: Tun wurin neman yarda ake faɗa wa mutum inda hoton zai je. Ka duba shi da kyau kafin ka saka: ma'aikacin da ya cire hula na minti ɗaya don ya share gumi, hotonka na iya jawo masa takardar tuhuma. Yara 'yan talla sai da yardar babba, matan aure a cikin fasinjoji sai ka tambaya. Kada ka saka hoto nan take da sunan wurin da jirgi yake, ka bari sai kwana ya wuce. Batun kuɗi, ma'aikaci a bakin aiki ba a ba shi, yana iya zame masa matsala. Ka wanko hotunan, girman inci 5 da 7, ka rubuta ranar a baya, ka miƙa wa heluma ya raba.

Mai gabatarwa: Malama, Baba, mun gode. Lokaci ya cimma mu, sauran takardun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.