Restavek: yaran da ake bayarwa riƙo a Haiti

Kun san yarinyar nan da kan riga kowa tashi a gida. Tun kafin kiran assalatu ta share tsakar gida, ta ɗora ruwan zafi, ta raka 'ya'yan Hajiya makaranta, ita kuma ta dawo ta zauna gaban tulin wanke-wanke. A nan Kano 'yar aiki muke ce mata. A Haiti, ƙasar da ke raba tsibiri ɗaya da Jamhuriyar Dominika a tekun Karibiyan, sunanta restavek, daga Faransanci, wato "zauna tare da".

Iyayen ƙauye ne ke miƙa ɗansu, galibi mace, ga wani gida a birni, bisa alkawarin za a ciyar da ita a sa ta makaranta. Ana ƙiyasin irin waɗannan yara sun haura dubu 200. Bambancinsu da namu shi ne, tamu ko ba komai dillaliya kan karɓo 'yan kuɗin wata ta kai wa uwa. Restavek ba ta da albashi. Kuma gidan da ya ɗauke ta sau da yawa ba na masu kuɗi ba ne, talaka ne da ya ɗan fi talaka, a unguwar da ba famfo, sai an je an ɗebo ruwa da bokiti.

To me ke sa uwa ta rabu da 'yarta? Kuɗin makaranta. Mafi yawan makarantun Haiti na kuɗi ne, na gwamnati kaɗan ne. Wannan rauni na gwamnati kuwa tsohon ciwo ne. Bayi ne suka kori Faransa, suka kafa ƙasar a 1804. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi, ta ɗora musu diyyar faran miliyan 150, wai don iyayengijin bayi sun yi asara. Ku ji fa, wanda aka bautar shi ne zai biya! Sai da aka shiga ƙarni na 20 ana fama da bashin.

Girgizar ƙasar 2010 ta rusa dubban makarantu. Tun bayan kashe Shugaba Jovenel Moïse a 2021 kuma, 'yan daba ke riƙe da yawancin Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Yaron da ya gudu daga gidan riƙo a da titi yake faɗawa, yanzu kuwa su ne ke jiransa, su ba shi abinci, su sa shi leƙen asiri.