Ragowar Tukunya Ba Ta Isar Kare da Kyanwa: Laccar da Aka Gabatar a Zariya

Shugaban taro, malamai da sauran mahalarta, assalamu alaikum.

A yawancin gidajenmu, daga cikin birni har Sabon Gari da Samaru, abin da kare ko kyanwa ke samu shi ne ragowar tuwo da miya da ƙanzo. Kare yana iya rayuwa a kan hatsi idan an haɗa masa da nama ko kifi ko ƙwai, amma kyanwa halittarta ta cin nama ce, domin jikinta ba ya samar da isasshen wani sinadari mai suna taurin (taurine), wanda ake samu a nama da kifi, musamman zuciya. Idan ta daɗe ba ta samu ba, ganinta yana lalacewa, zuciyarta ta buɗe ta yi rauni, kuma a 1987 ne masu bincike a Amurka suka tabbatar da alaƙar rashinsa da wannan ciwon zuciya. Kyanwar da ke kama ɓera tana cike giɓin da kanta. Wadda aka kulle a ɗaki ana ba ta shinkafa ita ce abin tausayi.

Miyar tamu ma tana da nata haɗarin, domin albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin waɗannan dabbobi. Goro da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke sa bugun zuciya da jijjiga, dafaffen ƙashin kaza kuwa yana tsagewa ya huda hanji. Madarar da muke ganin gata ce, zawo take sa yawancin manyan kyanwoyi.

To, yaya za a gane ko abincin ya yi daidai? Likitocin dabbobi suna da ma'aunin rama da ƙiba daga 1 zuwa 9, inda 4 da 5 su ne daidai ga kare, amma mai gida hannunsa ya ishe shi. Ka shafa haƙarƙarin dabbar: idan kana jin ƙasusuwan ba tare da dannawa ba, alhali ba su fito fili ana ƙirga su daga nesa ba, to lafiya lau. A ganina rama ta fi yawa a nan, musamman ga karnukan gadi da na farauta, kuma sau da yawa tsutsar ciki ce ke cinye abincin, saboda haka a fara da maganinta kafin a ƙara kwano.

Duk da haka ƙiba ta shigo gidajen masu hali, inda ake ɗaure kare yini guda ana cika masa kwano. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa karnukan da aka rage wa kashi 25 cikin ɗari na abinci sun fi 'yan uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu, kuma ciwon gaɓoɓi ya jinkirta kama su. A auna abinci sau biyu a rana, a fita da kare yawo da safe ko bayan la'asar, a ajiye ruwa mai tsabta kodayaushe, musamman lokacin bazara.

Kyanwa mai ƙiba kuwa kada a yi mata horon yunwa, domin idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba kitse yana taruwa a hantarta har ya kashe ta. A rage mata kaɗan-kaɗan cikin watanni, kuma gara a fara kai ta asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a auna nauyinta, likita ya yanke adadin da za a riƙa ba ta.